Karen Bakin Dajin Rugu

Tun kafin maigida ya ji ƙugin babur, kare ya riga ya miƙe kunne. A Runka, nan bakin dajin Rugu cikin ƙaramar hukumar Safana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dajin da mafarauta ke shiga da rani suna korar zomo da gada, yau 'yan bindiga ke fitowa daga cikinsa. Karen da aka horar don nama shi ya koma mai gadin dare, tun daga Safana har Batsari.

Allah ya yi masa baiwar hanci. Masana sun ce ƙwayoyin jin wari a hancinsa kan kai miliyan 300, na ɗan Adam kuwa wajen miliyan 6 ne. Bahaushe ma ta hancin ya karance shi: in ka ga kare na sunsuna takalmi, ɗauka zai yi.

Soja ya san darajar wannan hanci. Amurka ta kai karnuka kusan 4,000 yaƙin Biyetnam, suna gano nakiya da masu kwanton ɓauna. Soja da karensa gora ɗaya suke shan ruwa, rami ɗaya suke kwana. Da aka tashi janyewa, wajen 200 kaɗai aka fitar, sauran aka bar su ko aka kashe, don a takarda kayan aiki ne. Masu riƙonsu sun tsufa da wannan baƙin ciki. Sai a 2000 aka yi dokar da ta ba soja damar ɗaukar karen da ya gama aiki ya kai shi gida.

Mu ma da laifinmu. Sunansa zagi ne a bakinmu, yara na jifarsa babba na kallo. Alhali Alƙur'ani ya ambaci karen Ashabul Kahfi a ƙofar kogo, hadisi ya yarje a riƙe shi don farauta da kiwo da gona, Malikiyya kuma ba ta ɗauki kare mai rai najasa ba.

An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, amma da yunwa ba ya maganin komai. Mutanen Runka, wanda ya kwana yana muku haushi, ku zuba masa tuwo da ruwa, ku kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafin ciwon hauka.