Jijiyar wuya da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta rabu da tsoro

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka rayuwar mutane da dama take bayan sun tsira daga hari ko mummunan hatsari. Da an buga ƙofa da ƙarfi sai gabansu ya faɗi, gumi ya karyo musu, ko da shekaru sun wuce. Likitoci na kiran wannan larura PTSD, kuma yanzu masana na gwada magance ta ta hanyar wata jijiya mai suna vagus.

Jijiyar ta taso ne daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya zuwa zuciya da huhu da hanji. Kusan kashi 80 cikin 100 na zaruruwanta saƙo suke kaiwa daga jiki zuwa ƙwaƙwalwa.

Akan dasa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, a haɗa wayarta da jijiyar a hagun wuya, tana aika lantarki kaɗan-kaɗan. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita don farfaɗiya a 1997, sannan don ciwon damuwa mai tsanani a 2005.

Yadda take taɓa tsoro

Ƙwaƙwalwa ba ta goge tsoro. Abin da take yi shi ne ta koyi sabon darasi a kan tsohon, wato cewa hatsarin ya wuce. A wurin masu PTSD, wannan darasi ne ba ya zama daram.

Idan aka motsa jijiyar, ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin noradirenalin, wanda ke sa abin da aka koya a lokacin ya kafu. Hakan na ƙarfafa alaƙa tsakanin amigdala, sashen da ke tayar da tsoro, da gaban ƙwaƙwalwa mai taka masa birki.

A 2013, Christa McIntyre da abokan aikinta a Jami'ar Texas da ke Dallas sun koya wa ɓeraye tsoron wani sauti. Daga baya aka riƙa kunna sautin ba tare da cutar da su ba. Waɗanda aka motsa wa jijiyar a daidai lokacin sun fi saurin daina tsoro. Motsa ta a wani lokaci daban bai yi amfani ba.

A 2025, masana a Dallas sun wallafa gwaji kan mutum tara masu PTSD da magani bai yi wa aiki ba. An haɗa musu na'urar da zama 12 na tunkarar abin da ya firgita su tare da ƙwararre. Har bayan wata shida, babu ko ɗaya a cikinsu da gwaji ya nuna yana da larurar.

Sai dai da sauran rina a kaba. Mutum tara sun yi kaɗan, kuma ba a kwatanta su da waɗanda ba a sa wa na'urar ba. Dashen na buƙatar tiyata, yana kuma iya jawo dashewar murya da tari. Gwaje-gwajen na'urorin da ake maƙalawa a kunne kuwa sun ba da sakamako mai karo da juna.

Don haka duk wanda firgici ke hana shi barci ko fita, ya fara da ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ko a gwajin Dallas, zaman da ƙwararre shi ne ginshiƙin maganin.