Askin Itace a Ƙasar Hausa

Da an kai hatsi rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai a soma jin ƙarar gatari daga sama a garuruwanmu na tsakanin Daura da Katsina har zuwa ƙasar Maraɗi. Lokacin askin itace ya yi ke nan. Kowane namiji a ƙauye ya iya saran kalgo da sabara, amma in darbejiya ta yi rassa har ta kwanta a kan soro, ko tsamiyar ƙofar masallaci ta fara zubo busassun rassa a kan masallata, mutum ɗaya ne ko biyu a gari ake aika wa. Yawanci 'yan gado ne, daga gidan masassaƙa ko gidan masu ɗora amya, waɗanda suka saba da sama tun suna yara.

Gwani ba ya hawa ranar da aka kira shi. Da hantsi zai zo da 'yar sandarsa, ya kewaya bishiyar, ya ƙwanƙwasa gindinta ya kasa kunne, don mai kogo amonta daban ne. Zai duba ko gara ta yi gini a jikinta, ya ɗaga kai ya ga ko zuma ko rina na kai da kawowa, ya lura da inda ta karkata da inda kowane reshe zai sauka: katanga, rumbu, turken awaki, a yanzu kuma har da wayar wuta. Sai ya gama wannan ake zancen lada. A da ba kuɗi ake bayarwa ba. Mai gida ya zaɓi dirkokin rumfarsa, ganye ya tafi wurin awaki, mai hawa ya ɗaure kasonsa na itace, a dama masa fura.

Ranar aiki, kafin a taɓa komai, sai an tura yaro gidajen maƙwabta. Zai tsaya a zaure ya ɗaga murya: "Salamu alaikum, wai a gaya wa matan gida za a hau sama!" Daga ciki uwargida ta amsa: "To, mun ji, Allah Ya sauke shi lafiya." Mai wanka ta hanzarta, mai daka ta jawo mayafi. Shi kuma mai hawa akwai amanar da ke wuyansa. Daga kan darbejiya ana ganin tsakar gida huɗu ko biyar, ana ganin tukunyar da aka ɗora da wadda ba a ɗora ba. Gwanin ƙwarai idonsa na kan reshe, abin da ya gani bisa kuskure kuwa a sama yake barinsa. Na san wani dattijo a unguwarmu da ya tsufa yana hawa, ba a taɓa jin labarin gidan kowa daga bakinsa ba, kuma wannan ne ya sa magidanta ba sa neman wani in yana gari. Wanda aka ji ya yi zancen abin da ya hango a majalisa, ko da sau ɗaya, ya gama aiki a wannan unguwa.

Akwai kuma sallamar da ake yi wa ita kanta bishiyar, kuma a kanta ne ake jayayya har gobe. Tsohuwar tsamiya, kuka, ko gamji, ba a far musu da sara haka kawai. Tsofaffi kan zo tun saura kwana uku, su bubbuga gindin su ce, "Bayin Allah da ke nan, ku yi gafara, ba da mugunta muka zo ba." Wasu su yi sadakar gumba ko waina ga yara. Ba a hawa da tsakar rana, ba a kai almuru a sama. Malamai da yawa sun ce ɓurɓushin maguzanci ne, bisimilla da Ayatul Kursiyyu sun wadatar. Masu kare al'adar kan kawo hadisin yi wa macijin gida kashedi kafin a kashe shi, su ce ai mutanen ɓoye ma halittar Allah ne, sallama ba bauta ba ce. Wasu kuma suna ganin hikima ce tsagwaronta: bugun yana korar maciji da mujiya daga kogo, zafin tsakar rana yana kawo jiri, duhun magariba yana ɓoye ruɓaɓɓen reshe. Ni dai abin da na gani shi ne, waɗannan kwana ukun sun ceci itatuwa masu yawa. Mai gida kan huce, maƙwabci kan zo ya roƙa, tsohuwa kan tuna cewa a inuwar nan aka raɗa wa wane suna, sai saran da aka yi niyya ya koma rage rassa.

Kowace bishiya da halinta, kuma da wannan ake fara karantar da yaro. Kuka jikinta santsi ne, babu marika, sai an kafa mata turaku ana takawa. Itacenta kuma laushi gare shi, reshe mai kaurin cinya yana iya ɓallewa ba ƙara ba gargaɗi. "Kai yaro, kada kaurin kuka ya ruɗe ka," haka ake faɗa wa masu hawa ɗiban ganyen miya a ƙarshen damina, kuma duk garin da ke da kukoki yana da labarin wanda bai ji ba. Tsamiya akasin haka take, siririn reshenta yana ɗaukar ƙato, sai dai tana cinye kaifin gatari. Gawo ƙaya ce matsalarsa. Darbejiya, wadda baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, aka fara dasa ta a Borno wajen 1928, ita ce mai haƙuri: ko yaya aka sare ta za ta tofo. Amma tohon da ke fitowa a bakin sara ba shi da tushe mai ƙarfi, shi ne iskar farkon damina ke karyawa ta jefa a kan kwano. Don haka wanda ya guntule darbejiya ya ɗaura wa kansa aikin dawowa.

Ba a hawa da takalmi. Ba a hawa da gatari a hannu, sai an zauna daram a sama sannan a jawo shi da igiya. Tun dare ake jiƙa ƙota, saboda hunturu na busar da ita, ruwan gatari ya yi sako-sako ya fice ya nufi na ƙasa.

A wurin sara ne ake gane gwani. Ba ya fara wa reshe daga sama. Zai fara yi masa tsaga daga ƙasa, sannan ya dawo sama, ɗan gaba kaɗan, yadda in reshen ya tafi ba zai ɗaye ɓawo ya gangara da shi jikin uwar ba. Babban reshe gunduwa-gunduwa ake sauke shi, daga ƙarshe a dawo a gyara kututturen, a bar ɗan kumburin da ke wuyansa domin daga nan nama ke rufowa. Saran kuma a karkace ake yi don kada ruwa ya kwanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gara da ruɓa ta mugun sara suke shiga. Tsofaffi har laka suke kwaɓawa da kashin shanu su shafe babban rauni. A ƙasa kuwa akwai yaron igiya, wanda ya zagaya igiyar a gindin wata bishiya yana sassautawa a hankali. Na sama ya ce, "Hattara ƙasa!" Ba zai kai saran ƙarshe ba sai ya ji, "An kauce, Baba!" Komai gaggawa, sai an amsa. Kuma duk yawan abin da aka rage, ana bar wa bishiya kanta, wato rassan can ƙololuwa, don ta sami abin numfashi.

Aikin da na fi so in kalla shi ne cire kauci. Tsuntsaye ne ke kawo irinsa su manna a reshen ɗorawa ko kaɗanya, ya kafu yana shan ruwanta, ya yi kore shar alhali reshen na bushewa. Mai hawa zai bi shi har can siririn wuri, ya yanke reshen daga bayan inda ya kama, ya sauko da shi a hankali, domin masu magani na jiransa da kuɗinsu. Su ma masu ɗiban sassaƙe suna da ƙa'ida: a ɗiba ta gabas da ta yamma. Ana cewa a nan ƙarfin maganin yake. Ko ma mene ne dalili, wanda ya bi wannan ba zai zagaye maɗaci da sassaƙa ya kashe shi ba.

Gawo kuwa darajarsa ta daban ce. Da damina yake zubar da ganye, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya lokacin da dabba ba ta da abin ci. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin dokar da sarakunan ƙarni na 19 suka sa a kan saransa. Da bazara makiyayi kan nemi izinin mai gona ya hau da barandami, ya rage gefe guda bana, ya bar ɗayan sai baɗi. Rigimar da ake kaiwa gaban mai gari yawanci ta wanda ya hau da dare ne ya aske gawo tas.

Yanzu injin yankan itace ya shigo. Ban ƙi shi ba, don na ga ya sauke ruɓaɓɓen rimi a tsakanin gidaje cikin yini guda, aikin da a da sai a yi mako ana fargaba. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu riƙe shi ba su zauna gaban kowa sun koyi halin itace ba. Hayar injin suke biya, ga kuɗin mai, don haka sauri suke yi, kuma a wurinsu bishiya buhunan gawayi ce. Kirya da marke sun yi wuyar gani a dazukan da na sani. A birane darbejiyoyin bakin titi an guntule su sun zama dungu saboda waya, ba a bar musu kai ba, ba a aika wa kowa yaro ba. Samarin suna hawa da injin a kunne, ba igiya a ƙugu, ba abin kare ido, ƙarar kuma ta hana su jin amsar na ƙasa.

Inda zuciyata ke yin sanyi shi ne gonakin Maraɗi da Damagaram. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa duk shekara tohon tsofaffin kututture ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Bayan yunwar 1984 manoma suka fara barinsu, aka kira abin sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Abin ya ƙara ƙarfi da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara ba don ya rage reshe. Hannun da ke wannan aiki kuwa irin na masu askin itace ne. A kan kowane kututture manomi zai zaɓi toho mafi miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran, ya share rassan ƙasa har zuwa rabin tsayi, da adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. A kan yawan tohon da za a bari ne ake musu a bakin gona. Mai son itacen gini ya ce ɗaya ya isa, ya yi kauri da wuri. Mai mata biyu da tukwane da yawa ya ce biyar, ya riƙa yanke ɗaya duk shekara don girki, wani sabo na tasowa a gurbinsa.