Gyaɗa Mai Fumfuna Guba Ce Ga Hanta

Jama'a, akwai wata al'ada da ta kamata mu bari. Idan manomi ya ɓare gyaɗarsa, sai ya zaɓi mai kyau ya kai kasuwa, ya bar wa iyalinsa ruɓaɓɓiya da tsumburarriya, a yi ƙuli-ƙuli, a dama kunu. Yana ganin tattali ya yi, alhali kuwa cuta ya shigo da ita gida.

Ga dalili. Idan ruma ta kama gyaɗa ko masara, fumfuna takan tsiro, ta bar wani dafi da masana ke kira afulatoksin. An gano shi bayan shekarar 1960, lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, don sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004 kuma masara mai fumfuna ta kashe mutum 125 a Kenya.

Hanta ita ce matatar jiki. Abin da mutum ya ci ko ya sha, ta wurinta yake bi, don haka ita dafin ke fara ci. Idan ya yi yawa, sai idanu su yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Idan kuwa kaɗan-kaɗan ne, yakan yi shekaru yana ɓarna a ɓoye, har ya zama sankarar hanta. Wanda ke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B a jininsa, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane. Ku sani kuma, suya da dahuwa ba su kashe dafin nan.

To, ina magani? Maganin yana gona da rumbu.

Na ɗaya, a cire gyaɗa da zarar ta nuna. Wadda ta daɗe a busasshiyar ƙasa, ko gara ta huda ta, ita fumfuna ke saurin shiga.

Na biyu, a shanya a kan tabarma ko daɓe, ba a ƙasa ba, har sai an girgiza an ji ƙwayar tana ƙara cikin ɓawonta.

Na uku, a tsince mai baƙi, da mai kore, da mai ɗaci, a ƙone. Kada a ba saniya, gama dafin yana fitowa a nono.

Na huɗu, a jera buhuna a kan katako, nesa da bango, a gyara rufin da ke yoyo.

Ku kuma 'yan kasuwa, mai yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi nauyi a sikeli, ya ji tsoron Allah. Bai san cikin wa za ta faɗa ba.

Sai maganar abin sha. Giya da burkutu suna ƙona hanta sannu a hankali har ta ƙanƙance ta taurare, ko malamin ofis ne ko manomi. Ruwan kududdufi kuwa yana kawo shawara, sai a tafasa shi kafin a sha. Jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba ma a yi hattara da su. A kai jarirai allurar rigakafin ciwon hanta, manya su je asibiti a auna jininsu.

Mai kyau da za ka kai kasuwa, fara ɗibar wa gidanka. Allah Ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.