Shin Ko Kun San? Matan Ƙonni Sun Riga Matan Sakkwato Jefa Ƙuri'a

Shin ko kun san matar Birnin Ƙonni ta riga 'yar'uwarta ta Illelar Najeriya samun ƙuri'a da shekara 20? Tsakanin garuruwan biyu 'yar tafiya ce a kan kabu-kabu, ana auratayya, ana cin kasuwannin juna. Amma dokar Faransa ta 23 ga Yuni 1956, wadda ake laƙaba wa sunan minista Gaston Defferre, ta ba kowane baligi a Nijar, mace ko namiji, damar zaɓe. Matan Arewacin Najeriya kuwa sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan babban zaɓen 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan jam'iyyar NEPU, ta sha duka da ɗauri a kan wannan magana.

Kada dai a yi saurin yaba wa Faransa. Matanta ma sai a 1944 ta ba su ƙuri'a, suka fara jefawa a 1945.

Shin ko kun san an taɓa auna cancantar mace da haihuwa? Dokar Faransa ta Mayun 1951 ta ce uwar 'ya'ya biyu, rayayyu ko waɗanda suka mutu a yaƙin Faransa, za ta iya shiga rajistar masu zaɓe. Amarya da mai goyon fari da wadda Allah bai ba haihuwa ba, sai su jira. Ko a wancan zamani abin da ban haushi.

Zaɓen majalisar Nijar na farko a ƙarƙashin dokar 1956 an yi shi a Maris 1957, ɓangaren Djibo Bakary ya yi rinjaye. A shekarun nan masu zaɓe kaɗan ne suka yi boko, don haka da alama ake gane jam'iyya: raƙumi na Sawaba ta Djibo Bakary, giwa ta RDA.

Shin ko kun san ƙuri'a daban, kujera daban? Mata sun yi ta shiga layi tun zamanin Diori Hamani, amma ba a ga mace a majalisar dokoki ba sai 1989, lokacin Ali Saibou, da aka zaɓi biyar. A gwamnatinsa ne kuma Aissata Moumouni ta zama mace ta farko da aka ba muƙami a majalisar ministoci, a 1987.

Ranar 13 ga Mayu 1991 ce ta girgiza Yamai. An kafa kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, aka duba, mace ɗaya tak a ciki. Dubban mata suka fito kan titi, malaman makaranta da ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa, suka doshi ofishin firaminista, sai da aka ƙara musu kujeru. Wannan ne asalin ranar matan Nijar da ake biki kowace 13 ga Mayu. Masu ɗinka anko a ranar, a tuna musu cewa da zanga-zanga aka same ta.

Duk da haka, a zaɓen 1999 mace ɗaya ce ta shiga majalisa mai kujera 83. Kunyar wannan ta taimaka wajen kawo dokar kaso ta Yunin 2000: aƙalla 10 cikin 100 na zaɓaɓɓu, 25 cikin 100 na manyan muƙaman naɗi. A 2004 mata 14 suka shiga cikin 113. An ɗaga kason zaɓaɓɓu zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019, na naɗi ya koma 30.

Shin ko kun san dokar ba ta tsaya Yamai ba? Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ta shafi majalisun gundumomi, daga Ƙonni da Tsarnawa zuwa Malbaza, Dogarawa, Illelar Nijar da Badagishiri. A lokacin da ake zaɓe, jam'iyyar da ta ci kujeru da dama dole ta ware wa mata rabonsu, shi ya sa lokacin haɗa sunayen 'yan takara akan ga shugabannin jam'iyya suna sallama gida-gida, suna neman hajiyar da za ta yarda a rubuta sunanta, wani lokaci ma sai an fara lallashin maigida.

A 2011 Mariama Bayard Gamatié ta zama mace ta farko da ta nemi shugabancin ƙasar Nijar.