Kipchoge Keino: Gwarzon Tsere, Uban Marayu

Duk wanda ya saba kallon tseren duniya a wannan zamani, inda 'yan Kenya ke cika sahun gaba har abin ya daina ba kowa mamaki, ya kamata ya sani cewa al'amarin yana da mafari, kuma in aka bi salsala, za a tarar ya tuƙe ga wani ɗan sanda mai suna Kipchoge Keino, wanda aka haifa a shekarar 1940 a ƙasar Nandi, bisa tuddan Kenya, ya kuma rasa mahaifiyarsa tun bai mallaki hankalinsa ba.

Ko da yake a 1965 ya kafa bajintar da ba a taɓa yi ba a tseren mita 3,000 da na mita 5,000, shuhurarsa ba ta game duniya ba sai a wasannin Olamfik na 1968 a birnin Meziko, wanda bisansa ya haura mita 2,200, inda iska ke da ƙaranci har numfashi ya yi wa baƙo wuya. Keino ya isa can da ciwon matsarmama, wanda ya kayar da shi ana tsakiyar tseren mita 10,000, har likitoci suka yi masa nasiha da ya haƙura. Amma da yake mai himma ba ya jin bari, sai ya shiga na mita 5,000, ya zo na biyu bayan Muhammad Gammudi na Tunisiya.

Ranar tseren mita 1,500 kuwa, motar da ta ɗauko shi ta maƙale cikin cunkoso, sai ya sauka ya ƙarasa filin da gudu. Abokin karawarsa, Jim Ryun na Amurka, shi ne gwanin duniya a lokacin, kuma an san shi da ajiye ƙarfinsa sai zagayen ƙarshe, saboda haka Ben Jipcho, ɗan ƙasar Keino, ya fara jan tseren da matsanancin sauri, sa'an nan Keino ya karɓa ya yi ta ba da rata, har ya tsallake layi cikin minti 3 da daƙiƙa 34.9, Ryun na biye da shi da tazarar kusan mita 20. A Munik, a 1972, ya ƙara zinariya a tseren mita 3,000 mai shingaye da ramin ruwa. Bayan shekara guda kuma, a wasannin Afirka na Legas, wani saurayi ɗan Tanzaniya, Filbert Bayi, ya rinjaye shi, alhali hanyar da Keino ya share ita saurayin ya biyo.

Amma abin da ya fi cancantar a yi masa shaida a kai ya zo ne bayan ya bar fili, domin shi da mai ɗakinsa sun mai da gidansu na kusa da Eldoret mafakar marayu, suna ciyar da su, suna tufatar da su, har aka gina makarantu don iliminsu. Saboda wannan hidima ce hukumar Olamfik ta duniya ta ƙaddamar da wata lambar girma a kansa a Riyo, a 2016. Bajintarsa ta gudu tuni waɗansu suka wuce ta. Rainon maraya kuwa, wanda kowa ya san falalarsa, ba a ƙwace wa mutum ladansa.