Ƙauyen da ɗaliban sakandare ke yi wa masu laifukan yaƙi shari'a

A ranar 16 ga Yulin 1995 aka kai wani soja mai shekara 23, Dražen Erdemović, wata gona a Branjevo da ke gabashin Bosniya. Motocin bas suka riƙa sauke maza Musulmi da aka kamo daga Srebrenica, aka umarce shi da abokan aikinsa su harbe su.

Daga baya ya shaida wa kotu cewa da farko ya ƙi, sai aka ce masa idan tausayinsu yake ji to ya miƙa bindigarsa ya shiga layinsu. Ya yi harbin. A ƙiyasinsa, ya kashe kusan mutum 70.

Wane hukunci ya dace da shi?

Wannan tambaya ce ake ɗora wa ɗaliban sakandare a ƙauyen Krzyżowa da ke kudu maso yammacin Poland, inda wata ƙungiya ta birnin Berlin, Kreisau-Initiative, ke shirya kotun gwaji da ake kira MICC tun shekarar 2005. Ɗalibai daga Jamus da Poland da wasu ƙasashe kan shafe kwanaki tare, suna kwaikwayon zaman Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wato ICC.

Ba a banza aka zaɓi ƙauyen ba. Nan ne gidan gadon Helmuth James von Moltke, masanin dokokin ƙasa da ƙasa wanda ya riƙa tara masu adawa da Hitler a asirce, har gwamnatin Nazi ta rataye shi a watan Janairun 1945. A wancan lokaci ƙauyen yana cikin Jamus, sunansa Kreisau.

Yadda ake gudanar da zaman

Ana raba ɗaliban gida huɗu: masu gabatar da ƙara, lauyoyin wanda ake tuhuma, alƙalai, da 'yan jarida. Ba a barin 'yan ƙasa ɗaya su haɗe kansu. Ana gauraya su ne, kuma da Ingilishi ake komai, harshen da ga yawancinsu na aro ne.

Kafin a shiga kotu sai an zauna da masu horarwa, an karanta bayanan shari'ar, an koyi bambancin kisan ƙare-dangi da laifukan yaƙi da laifukan cin zarafin bil'adama. Sannan kowane ɓangare ya tsara hujjojinsa, a yi zama, alƙalai su keɓe su rubuta hukunci. 'Yan jarida kuma su yi rahoto a kan abin da ya gudana.

Shari'o'in da ake kwaikwaya na gaske ne, an riga an yanke su a wasu kotuna. Dabarar ita ce a sake duba su da Dokar Rum, wadda ta kafa ICC. A zahiri ICC ba ta da hurumi a kansu, domin ikonta ya fara ne daga 1 ga Yulin 2002. To amma sauya dokar shi ke hana ɗalibi ya haddace tsohon hukunci ya zo ya karanta.

Shari'ar Erdemović ce ta fi nuna haka. Ya amsa laifinsa a gaban kotun Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsohuwar Yugoslabiya, aka ɗaure shi shekara 10 a 1996. Da aka ɗaukaka ƙara a 1997, alƙalai biyar suka rabu: uku suka ce tilastawa ba ta wanke sojan da ya kashe bayin Allah, biyu suka saɓa, cikinsu har da shugaban kotun, Antonio Cassese. A 1998 aka mayar da ɗaurin shekara biyar.

Dokar Rum kuwa ta buɗe wata ƙofa. Sashe na 31 ya yarda cewa barazanar mutuwa nan take na iya ɗauke wa mutum alhaki, amma da sharaɗin bai yi niyyar jawo ɓarnar da ta fi wadda yake gudu ba. Nan ake fafatawa. Mai gabatar da ƙara zai ce rai ɗaya bai kai 70 ba, ya ƙara da Sashe na 33, wanda ya ce umarnin aikata laifin cin zarafin bil'adama haramtacce ne ƙarara. Lauya zai ce ko da ya ƙi, mutanen nan ba za su tsira ba, gawa ɗaya kawai za a ƙara. Duka hujjojin biyu suna da nauyi, kuma yaron da aka ba kujerar alƙali ba shi da damar cewa bai sani ba.

Mawaƙi da attajiri

Shari'a ta biyu ta Simon Bikindi ce, fitaccen mawaƙin Ruwanda wanda gidan rediyon RTLM ya riƙa saka waƙoƙinsa a lokacin kisan ƙare-dangin 1994. Duk wanda ya san yadda waƙar siyasa ke motsa jama'a zai ɗauka waƙoƙin ne suka kai shi gidan yari. Ba su ba ne. Kotun Arusha ta yarda cewa wasu daga cikinsu na rura ƙiyayya, amma ɗaurin shekara 15 da ta yi masa a Disambar 2008 ya dogara ne kan kiran da ya yi ta lasifika daga cikin mota, a ƙarshen Yunin 1994, cewa a kashe 'yan Tutsi. Aikin ɗaliban shi ne gano inda ƙiyayya ta tsaya, tunzurawa ta fara.

Ta uku ita ce ta Friedrich Flick, attajirin ƙarafa da masana'antunsa suka yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aikin bauta. An yanke masa shekara bakwai a Nuremberg a 1947, aka sake shi a 1950, ya koma cikin mafiya arziki a Jamus ta Yamma.

A ganina, kujerar lauyan wanda ake tuhuma ce ta fi koyar da darasi, kuma ita ce ta fi buƙatar kulawar malami. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa matashi ya tashi ya kare wanda ya amsa da bakinsa cewa ya kashe mutum 70. Dole a fahimtar da shi cewa haƙƙin mutumin na samun shari'a ta adalci yake karewa, ba aikin da ya yi ba. Akwai kuma haɗarin a mayar da zaman gasar iya magana, a manta cewa iyalan waɗanda aka kashe suna raye. Kusan duk shekara, ranar 11 ga Yuli, ana binne ragowar gawarwakin da aka gano a maƙabartar Potočari.

Batun bai yi wa Najeriya nisa ba. Ƙasar ta amince da Dokar Rum a 2001, kuma ɗanta, Chile Eboe-Osuji, ya shugabanci ICC daga 2018 zuwa 2021. A Disambar 2020, babbar mai gabatar da ƙara ta lokacin, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da wasu jami'an tsaron Najeriya sun aikata laifukan da suka shiga hurumin kotun. Tambayar da Erdemović ya bar wa alƙalai, ta wanda aka ɗora wa bindiga aka ce ya kashe ko a kashe shi, ita ce ke tasowa duk lokacin da aka yi maganar samarin da aka sace aka tilasta musu ɗaukar makami a Arewa maso Gabas.

Makarantar da ke son gwada irin wannan zama ba ta buƙatar kayan aiki masu tsada. Dokar Rum da hukuncin kotunan uku duk suna intanet kyauta. Abin da zai ci lokaci shi ne malami ya taƙaita ɗaruruwan shafuka zuwa 'yan kaɗan da ɗalibi zai iya karantawa, ba tare da ya karkata bayanin zuwa ɓangare ɗaya ba.