Yaya Ɗalibin Shari'a Yake Samun Aiki?

Da yawa daga cikinmu muna burin zama lauyoyi, amma kaɗan ne suka san cewa neman aikin lauya tun daga makaranta ake fara shi.

A Najeriya, digirin shari'a shekara 5 ne. Daga nan sai shekara 1 a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962. Hedikwatarta tana Bwari, Abuja, tana kuma da rassa a Bagauda ta jihar Kano da Yola da wasu garuruwa. Sai wanda ya ci jarrabawarta ne yake da ikon tsayawa gaban alƙali a matsayin lauya.

A wannan shekarar ake tura ɗalibi kotu da ofishin lauyoyi na wasu makonni. A nan manyan lauyoyi suke gane mai zuwa da wuri da mai iya rubutu. Sau da yawa ofishin da ya ga ƙwazon ɗalibi shi yake ɗaukarsa bayan bautar ƙasa.

Tun kafin nan, wasu jami'o'i suna da cibiyar taimakon shari'a, inda ɗalibai ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta a ƙarƙashin kulawar malamai. Wanda ya yi aiki a nan yana da abin nunawa ranar ganawar ɗaukar aiki, ko a ma'aikatar shari'a, ko banki, ko kamfani.

Mu 'yan sakandare, namu shi ne mu riƙe Turanci da Adabin Turanci da kyau, domin ana buƙatar su wajen shiga tsangayar shari'a. Mu kuma shiga ƙungiyar muhawara.